Goran Habibu da Guntuwar Jar Waya

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labarin. Da Jamilu, shugaban ɗalibanmu 'yan gida da ke karatu a ƙasar nan, ya kira ni ya ce sababbin zuwa suna so in zauna da su bayan Juma'a in gaya musu yadda aikina yake, sai na ce masa ƙafata na ciwo. Ya ce, "Baba Injiniya, ai ba da ƙafa za ka yi maganar ba." Dole na amsa zan zo. Muka haɗu a mamak, wato shagon shayin nan na kusa da tashar jirgin Titiwangsa, su bakwai, ni na takwas, aka jera shayi da roti, gurasar mutanen nan. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita a nan, har da wanda ban je da niyyar faɗa ba.

Tun ban kurɓi shayin ba wani dogo a cikinsu, Mubarak, ya ce, "Baba, ni fa na duba abin nan naku na samar da lantarki daga igiyar ruwa. Ai kodin ne kawai, rubuta wa kwamfuta umarni. A ba ni data da sati biyu." Na ce masa Allah ya ba da sa'a, ni ma haka na ce a farko, kuma a lokacin da gashi a kaina.

Bari in fara da abin da muke yi, don a gida in na faɗi aikina sai a ɗauka kamun kifi nake. Kun san goran da masunta ke hawa a kogi? To ku ƙaddara irinsa ne, amma na ƙarfe, girmansa ya kai keke napep. A ɗaure shi a teku. Igiyar ruwa ta ɗaga shi ta sauke, shi kuma yana jan wani sandan ƙarfe sama da ƙasa, sandan yana juya janareta. Wannan kowane mai walda zai haɗa maka. Namu aikin shi ne lokaci. Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san in ka tura daidai sanda ya juya, da ɗan yatsa ma sai ya yi sama. In ka tura yana tahowa, haƙorinka ne zai ji. Haka kwamfutarmu take yi wa goran. Wani sa'in ta riƙe shi, wani sa'in ta sake shi, wani sa'in ma ta ƙara masa turi da wutar da ta tara, don ya yi sama sosai ya dawo mata da abin da ya fi. Matsalar ita ce lilon teku ba shi da tsari, igiyar da ta wuce ba ta gaya maka girman mai zuwa. Dole kwamfutar ta yi hasashen 'yan daƙiƙun da ke gaba, ta tsara abin da za ta yi a cikinsu, ta yi taku ɗaya kacal, ta watsar da sauran, ta sake hasashe. In hasashen ya yi daidai ka samu wuta. In ya kuskure, kai da kanka kake tura goran ya je ya daki ƙarshen sandansa.

Ni ɗan Kano ne. Ruwan da na sani kafin in bar gida Tiga ne, shi ma sau ɗaya aka kai mu daga makaranta. Lantarki na karanta, na yi shekaru ina gyaran famfon burtsatse, daga nan yawo ya ɗebe ni. Na sha sanyi a Sikotlan, na ci kifi a Fotugal har na tsane shi, na yi wata shida a Darussalam ina jiran wani inji da har yau bai iso ba. Duk inda na je akwai teku, kuma duk tekun da na hau sai ya karɓe abin da na ci da safe. Ku riƙe wannan, zai dawo a labarin.

Amma sana'ar a unguwar Sentul na koye ta, a wani tsohon sito da aka mayar lab, wato ɗakin gwaji, mai dogon tankin ruwa da faifan da ke kaɗa igiya. Wanda ya koya mini Ankul Raju ne, ɗan asalin Indiya, shi da ubansa duk a wurin gyaran jirgin ƙasa na unguwar suka yi aiki kafin a tashe shi. Ba shi da digiri ko ɗaya, ni ina da biyu. Ranar da na fara, ya miƙo mini alli da kujera 'yar tsugunno, ya ce in zauna bakin tanki, duk sanda ƙaramin goran gwaji ya yi sama in shata layi a jikin sandan inda ya tsaya. Na ce masa ai kwamfuta tana rubuta wannan.

"Zauna lah," in ji shi. "Kai kana kallon allo, ruwa yana bayanka."

Kwana uku ina shata layi. A rana ta uku na fara sanin igiyar da za ta wuce layina tun ba ta iso ba. Sai ya karɓe allin ya ce, "Makan," muka tafi cin abinci. Daga ranar kullum sha biyu da rabi sai ya leƙo ya ce, "Injiniya, makan."

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Mita, sifana uku, gwangwanin giris, tsumma, sai wani dogon sukundireba mai ƙotar katako. Yakan ɗora bakinsa a jikin inji, ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya ce maka boris ɗin hagu saura masa wata guda. Na gwada sau da yawa, ni ban taɓa jin komai ba sai jinina.

Akwai wani akwati da ya haɗa da hannunsa, wanda ba a kai gora teku sai da shi. Muna ce masa birki. Launin toka ne, bai fi gwangwanin biredi ba, babu kwamfuta a ciki, makunni biyu ne kawai da 'yan wayoyi. In sandan ya zo saura taƙi ɗaya ya daki ƙarshe har sau uku a jere, sai akwatin ya ƙwace goran daga hannun kwamfuta, ya bar shi yana motsi a hankali kamar tsoho. Ba wuta, amma ba abin da zai karye. Kuma ba a mayar da shi daga nesa. Sai ka shiga kwalekwale ka je, ka kwance noti huɗu, ka danna maɓalli da yatsanka. Na yi ta masa gardama a kan ya bari mu riƙa mayarwa daga lab.

"A layin dogo in sigina ta faɗi, da ƙafa ake zuwa," ya ce. "In ya kama, akwai dalili. Je ka ga dalilin da idonka."

Masu sayen aikinmu kuwa, masu otal ne a tsibirai da masu kiwon kifi a keji, mutanen da dizal ya gallaba. Na tuna wani mai otal da ya zaunar da ni ya ba ni ruwan kwakwa, ya ce yana son wuta mai yawa daga watannin da baƙi ke zuwa. Na tambaye shi me ke kawo baƙin, ya ce teku ne yake kwanciya luf kamar faranti. Na ce to a watannin da yake tashi fa? Ya ce ai rufe otal ɗin yake yi ya tafi wajen 'yarsa. Na shanye ruwan kwakwata na yi godiya. A ranar ya kamata in gane cewa tekun nan yana da rani da damina irin nasa, amma abin dariya na mayar da shi, na yi ta ba da labari.

Sai shekarar Habibu. Ba sunansa ke nan ba, amma mu bar shi a haka. Malami ne a wata kwalejin fasaha a gida, gwamnati ta turo shi digiri na uku. Yana zaune a Cheras, hawa na sha ɗaya, da matarsa Maman Ilham da yara uku da in ka yi musu Hausa sai su amsa da Malayanci. Na yi aiki da Turawa da 'yan China, ban ga mai lissafi kamarsa ba. Dabararsa ita ce a sa ƙaramin gora can gaba da babban, ta inda igiya ke fitowa. Muna ce masa mai gadi. Igiya ta fara taɓa mai gadi, shi kuma ya aiko wa kwamfuta labari cewa ga irin wadda ke tafe. A tankin Sentul abin ya yi kyau har Ankul ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

Farfesansa ya ce tanki ba teku ba ne. Yana son sati takwas a jere a teku na gaske, ba yankewa, sannan a yi maganar kare digiri. Ga shi shekarun Habibu sun ƙare, an ƙara masa wa'adi sau ɗaya an ce ba ƙari, sikolashif da biza duk ƙarshen shekara za su mutu. Kuma babban gora ɗaya muke da shi, shekara biyu muka yi muna haɗa shi.

Muka kai shi gabar gabas, kusan wuni guda a mota, sannan kwalekwalen wani masunci, Pak Mat, ya ja shi zuwa bayan wani tsibiri. A lokacin ruwa daga kudu yake zuwa, don haka a kudu muka kafa mai gadi. Muna gamawa Pak Mat ya ce, "Wannan ƙaramin a nan zai zauna? In iska ta juya, ruwa daga can zai zo." Ya nuna arewa da babban yatsa, yadda suke nuni. Habibu yana can ƙurya yana rubuta lambobi, bai ji ba. Ni na ji. Amma kaina yana rataye a gefen kwalekwale ina mayar wa teku karin kumallona. Na ɗaga hannu na ce, "Boleh, boleh, ba matsala, kafin nan mun kwashe." A lissafina sati takwas za su cika da sauran lokaci.

Bayan kwana goma sha biyu birki ya kama. Muka hau mota, muka hau kwalekwale, muka je. Ba komai ba ne, jiragen 'yan yawon buɗe ido ne masu gudu suke wucewa kusa, ruwan da suke tayarwa ya ruɗa goran. Muka danna maɓalli, ƙirgar sati takwas ta koma farko. Bayan kwana tara ya sake kamawa. Maman Ilham ta manna kalanda a ƙofar kicin, Ilham ce ke soke kwanaki da biro, kuma duk sanda birki ya kama sai a sake sabon shafi. Na je gidan na tarar da ita tana tambayar ubanta, "Abba, yau ma daga farko?" Habibu ya rame har wandonsa yana zamewa.

Karo na uku ni kaɗai na je, don ranar yana da layi a ofishin biza. Pak Mat ya matsa da kwalekwale, na haye kan goran, na kwance noti huɗu, na danna maɓalli. Sai na zauna ina kallon cikin akwatin. Ina tuna hanyar da na sha, ina tuna kalandar. A aljihuna akwai guntuwar jar waya, ba ta kai taƙi ba. Na sassauta sukurori biyu, na haɗa su da ita, na ɗaure. Ko minti ɗaya ban yi ba. Daga nan makunnan za su yi ta kira, akwatin ba zai ji ba. Na ce a raina ranar da sati takwas suka cika zan cire ta, ba wanda zai sani, kowa ya huta.

Aka kuwa huta. Sati huɗu, biyar, shida, lambobi suna shigowa gwanin sha'awa. Taƙaitaccen bayani ne kawai yake iso mana Sentul ta rediyo, cikakken yana taruwa a ma'ajiya cikin goran, sai an je an ɗauko. Habibu ya fara dariya. Rannan ya shigo lab da ƙunshin tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ce, "In ji Maman Ilham. Baba Injiniya, ka ga birkin Ankul ya shiryu."

Na ce, "Addu'a ce." Na cinye tuwon tas.

Abin da ban sake lissafawa ba shi ne, sake ƙirgar nan sau uku ya tura mu cikin lokacin juyawar iskar da Pak Mat ya faɗa. A sati na bakwai, wata Talata da hantsi, iska ta juya. Muna lab mu uku muna kallon allo. Ruwa ya fara zuwa daga arewa, manya-manya, yana fara dukan babban gora sannan ya isa wajen mai gadi. Wato mai gadi yana aiko labarin igiyar da ta riga ta wuce, kwamfuta kuma tana gaskata shi, tana turi a daidai lokacin da ya kamata ta riƙe. Layin da ke nuna sandan ya fara taɓa ƙarshe.

Habibu ya gane nan take. Ya dafe kai ya ce, "Mai gadi yana baya. Innalillahi. Ba komai, yanzu birki zai kama, gara mu rasa satin." Ya shiga ƙirgawa a fili. "Ɗaya. Biyu. Uku."

Ankul yana tsaye a bayanmu da kofin shayi. Huɗu. Biyar. Habibu ya juyo ya kalle shi, sannan ya faɗa kan kwamfuta yana aika umarnin tsayawa. Kafin umarnin ya isa, dukan ya karya eriya, allo ya tsaya cik. Ni ina zaune, hannuna a cinya.

Kwana tara Pak Mat bai iya fita ba saboda ruwa. Da aka janyo goran bakin gaɓa, sandan ya lanƙwashe kamar lauje, murfi ya tsage, ruwan gishiri ya cika ciki. Ma'ajiyar da ke riƙe da aikin sati bakwai ta zama tsatsa. Habibu yana can yana fama da ita, ni na zagaya wajen akwatin birki, na kwance noti huɗu, na zare jar wayar na sa a aljihu. Da ya zagayo ya ce, "Baba Injiniya, me ya hana shi kamawa?"

Na ce, "Gishiri ne ya ci shi."

Muka dawo da akwatin Sentul. Ankul ya shimfiɗa tsumma, ya ɗora shi, ya sa gilashi. Ya gwada makunni na farko da mita, ta yi ƙara. Na biyu ma haka. Sai ya kai bakin sukundirebansa kan sukurorin nan biyu. Duk sauran sun dushe, su kaɗai ne da sabon ƙarzo yana sheƙi. Ya daɗe a kansu. Ya ɗago ya kalle ni ta saman gilashi, ya rufe akwatin, ya ɗora shi a kan kanta.

"Akwatin lafiyarsa ƙalau," ya ce. Ba wanda ya saurare shi. A rahoton da aka rubuta an ce birki ya gaza saboda tsatsa, har aka ba da shawarar a daina dogaro da kayan haɗin hannu. Ni na sa hannu a ƙasa. Sha biyu da rabi ta yi, Ankul ya ɗauki lemarsa ya fita shi kaɗai. Bai sake ce mini makan ba har ya yi ritaya bayan 'yan watanni.

Habibu bai zargi kowa ba sai kansa. Ya ce shi ya kafa mai gadi a kudu, shi ya kamata ya tambayi masunta. Ya nemi ƙarin wa'adi aka hana. Suka rabar da katifu da tukwane ga sababbin zuwa, ni na kai su filin jirgi, Ilham tana rungume da jakar makaranta tana tambaya ko a Najeriya akwai roti. Ya koma kwalejinsa da digirin da ya zo da shi. Har yau yana can yana koyarwa. Duk Sallah sai ya kira ni, in wani zai taho ya ba shi kilishi ya kawo mini, kuma duk ɗalibinsa da ya samu zuwa nan sai ya ce masa, in ka je ka nemi Baba Injiniya, mutumin kirki ne.

Da na kawo nan sai na buɗe jakar kayan aikina, na ciro wayar na ajiye a teburin, tsakanin kofunan shayi. Ta ɗan koɗe, amma har yanzu ja ce. Na ce musu kodin ɗin Mubarak zai iya yin sati biyu, ban musa ba. Na ce yanzu mai gadi uku muke kafawa, kuma ba na sa gora a ruwa sai na zauna da masuntan wurin a tudu, inda cikina ba ya juyawa, sun gaya mini ta ina ruwa ke zuwa a kowane wata. Birki kuma ko sau goma ya kama, da ƙafata nake zuwa. Ba wanda ya yi dariya, ko da na yi maganar aman. Jamilu ya yi addu'a aka tashi.

Na kama hanyar tasha, sai na ji takun mutum a bayana. Mubarak ne. Ya karɓi jakata ya riƙe mini, muka yi tafiya kaɗan. Sai da muka zo gindin matattakala ya tsaya.

"Baba, malamin da ya ce in neme ka, shi ya koya mana wannan darasin a gida. Duk shekara sai ya zana mana goran nan a allo da mai gadi a kudu, ya ce mu kalli yadda mutum yake kashe aikinsa da hannunsa." Ya miƙo mini jakar. "Shi ka taɓa nuna masa wayar?"